Rabon Gona a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Faɗaɗa Ko Haɗe Sassan Faifan Netbuk

A shekarar 2007 kamfanin Asus na ƙasar Taiwan ya fito da wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Eee PC, wadda faɗin allonta bai wuce inci 7 ba, nauyinta kuma bai kai kilo ɗaya ba. Kafin a ce me, sauran kamfanoni irin su Acer da Samsung da HP sun bi sahu, aka laƙaba wa wannan jinsi suna netbuk. Arha da rashin nauyi suka sa ta shiga hannun ɗalibai da malamai a ƙasashe da dama. Wajen ƙarshen 2012 manyan masu ƙera ta suka daina, amma har yanzu ana cin karo da ita a wajen masu sayar da kayan hannu da kuma teburan masu gyara.

Duk wanda ya sayi sabuwar netbuk a tsakanin 2009 da 2011 yakan gamu da abin mamaki ranar farko. A jikin kwali an rubuta cewa faifan ajiyarta na ɗaukar gigabait 160. Da ya kunna sai ya ga wurare biyu, ɗaya mai harafin C, ɗaya mai harafin D, in ya haɗa lissafinsu kuma ba su kai abin da aka rubuta ba. Bayan 'yan watanni C ya cika maƙil, kwamfuta ta fara jan ƙafa tana kukan rashin wuri, alhali D na nan fayau babu komai a ciki. Daga nan tambaya ke tasowa: shin za a iya rushe katangar da ke tsakani?

Ana iyawa. Sai dai wanda bai san yadda aka gina katangar ba yana iya rushe ta tare da ɗakin kwanansa.

Faifan ajiya na irin waɗannan kwamfutoci ƙarfe ne guda ɗaya mai faɗin inci 2.5, a cikinsa akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. An yanka fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi na ɗaukar bait 512, kuma kowanne da lambarsa tun daga sifiri. Faifai mai gigabait 160 yana da gurabe sama da miliyan 312. Babu wata katanga ta zahiri a kan farantin. Abin da ake kira sashe yarjejeniya ce kawai a rubuce, wadda ke cewa daga gurbi mai lamba kaza zuwa gurbi mai lamba kaza na C ne, daga nan zuwa can na D ne. Kamar gonar gado ce da aka raba wa 'yan'uwa: ƙasar ɗaya ce, iyakokin kuwa suna cikin takardar da ke hannun dagaci.

Takardar nan tana zaune a gurbin farko na faifai, wanda masana ke kira MBR a taƙaice. Tsarin ya samo asali tun 1983, lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutar PC XT mai faifan megabait 10. A cikin bait 512 na wannan gurbi, 64 kacal aka ware domin jadawalin rabo, kowane sashe na cin 16. Mai karatu zai iya buga lissafin da kansa: wuri huɗu ne, ba ƙari. Daga baya aka ɓullo da dabarar mayar da ɗaya daga cikin huɗun ya zama babban shinge wanda za a ƙara yanka ƙananan sassa a cikinsa. Shi ma harafin C gado ne na wancan zamani, domin A da B an riga an ba wa na'urorin faifan roba mai lanƙwasa da ake amfani da su kafin faifan ƙarfe ya yaɗu.

Wani ɓangare na gigabait ɗin da suka ɓace, lissafi ne ya cinye shi. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, ita kuwa manhajar Windows tana ƙirgawa da ninkin 1,024, wato bait 1,073,741,824. Idan aka raba biliyan 160 da wannan adadi sai a sami 149 da 'yan kai. Ba a saci komai ba, mudun awo ne ya bambanta. Ragowar kuwa yana cikin wani ɓoyayyen sashe da ba a ba shi harafi ba, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Netbuk ba ta da wurin sa faifan CD. Saboda haka kamfanoni suka riƙa ajiye kwafin Windows na asali a wannan ɓoyayyen wuri, ta yadda idan kwamfuta ta rikice mai ita zai danna wani maɓalli yayin kunnawa, F9 a kwamfutocin Asus, ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Mutane da yawa sun ga sashen nan marar suna, suka ɗauka kango ne, suka share shi domin neman wuri. Ranar da Windows ta ƙi tashi suka gane abin da suka zubar.

To, me ya sa kamfani zai raba C da D tun farko? Hikimar ita ce a ajiye manhajoji a C, takardu da hotuna da aikin makaranta a D. A yawancin irin waɗannan kwamfutoci mayar da Windows sabuwa yana shafe C ne kaɗai, D ya tsira. Tunani ne mai kyau, matsalar dai ita ce Windows kan tura kusan komai zuwa C sai in an hana ta, kuma ba kowa aka yi wa bayani ba. Don haka sau da yawa maganin da ya fi sauƙi shi ne a kwashe waƙoƙi da finafinai da hotuna a mai da su D, a bar iyaka inda take. Malamin da ke kula da kwamfutocin makaranta zai huta ƙwarai in ya fara gwada wannan.

Idan kuwa lallai sai an taɓa iyaka, akwai abu na biyu da ya kamata a sani. Kowane sashe yana da nasa kundin a ciki, wanda ke nuna gurbin da kowane fayil yake. A Windows tsarin kundin nan shi ne NTFS, wanda ya fito a 1993. Ke nan littattafai biyu ne dole su yi daidai: jadawalin rabo na waje da kundin fayiloli na ciki. In za a rage sashe, sai an fara kwashe fayilolin da ke kusa da ƙarshensa an matso da su ciki, an gyara kundi, sannan a ja iyaka baya. In za a faɗaɗa, iyaka ake fara turawa, sannan a sanar da kundi cewa fili ya ƙaru. Aka juya wannan jeri, to an yanke gona ta kan shuka.

A zamanin Windows XP, wadda yawancin netbuk na farko suka zo da ita, babu hanyar faɗaɗa C daga cikin Windows ɗin kanta, sai an nemi wata manhaja kamar PartitionMagic, wadda aka daina sayarwa a 2009. Daga Windows Vista ta 2007, da Windows 7 ta 2009 wadda netbuk na baya suka ɗauko, sai aka sa wannan aiki a cikin wani ɓangare mai suna Disk Management. Can ne ake ganin faifai a zane kamar doguwar sanda, sassa a jere daga hagu zuwa dama. Yana da doka guda wadda ba ya karyawa: sashe ba ya faɗaɗa sai cikin filin da babu mai shi, wanda ke manne da shi ta hannun dama.

Wannan doka ita ce tushen yawancin ruɗanin da ake samu. Mutum ya rage D da gigabait 30 da nufin ƙara wa C, sai ya tarar umarnin faɗaɗawa ya dushe, ba ya dannuwa. Dalili kuwa filin da ya samu ya fito ne a ƙarshen D, can nesa, D ɗin kansa na tsaye a tsakani. Hanyar da Windows ta yarda da ita ita ce a kwashe duk abin da ke D zuwa wani faifai na waje, a share D gaba ɗaya, sannan a faɗaɗa C ya mamaye filin, ko duka ko wani yanki, a sake yanka ƙaramin D da abin da ya rage. Abin da jama'a ke kira haɗe sassa ke nan, kuma a gaskiya ɗaya ne ke mutuwa ɗayan ya gaji filinsa. Idan D na cikin babban shingen nan da aka ambata, sai an share shingen shi ma kafin filin ya zama na kowa. Manhajar da aka girka a D kuwa ba za ta sake aiki ba sai an sake girka ta.

Rage C ma yana da tasa gardama. Wani lokaci rabin sashen babu komai, amma Windows ta ce 'yan gigabait kaɗan za ta iya saki. Akwai fayilolin da ba ta iya ɗagawa tana cikin aiki, kamar wanda take juye abin da ya yi wa ƙwaƙwalwarta yawa a ciki, da wanda take adana halin da take ciki in an sa ta dogon barci, da kwafe-kwafen da take ajiyewa domin komawa baya. Duk inda na ƙarshensu ya tsaya, nan iyaka za ta tsaya. Mai shara ba ya share inda ƙafarsa take.

Shi ya sa masu gyara suka fi son tayar da kwamfutar daga waje. Akwai manhaja ta kyauta mai suna GParted, wadda ta fito a 2004, ana sa ta a filash a kunna netbuk da ita, Windows na kwance ba ta motsi. Ita tana iya abin da Disk Management ba ya yi, wato ta ɗauki D ɗungurungum ta matsar da shi dama domin fili ya buɗe kusa da C. Amma a nan haɗarin ya fi yawa. Matsar da sashe na nufin a karanta gurabensa a sake rubuta su a wani wuri, ɗaya bayan ɗaya. A ƙaddara gigabait 60 ne za a matsar, faifai kuma na kwafe megabait 20 a daƙiƙa: aikin zai ci minti 50. In wuta ta ɗauke a minti na 25, batir kuma ya riga ya mutu kamar yadda na tsofaffin netbuk kan yi, rabin kayan na sabon wuri, rabi na tsoho, jadawali bai san ko ɗaya ba. Ga wanda ke zaune inda lantarki ke zuwa ya koma ba sallama, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Ba a fara irin wannan aiki sai da kwafin duk wani abu mai daraja a wani faifai dabam, an kuma buɗe kwafin an tabbatar yana karantuwa. Haka nan ba a son a taɓa farkon C, domin daga nan Windows ke tashi. Bayan an gama, Windows kan tsaya ta binciki kundinta a kunnawar farko, kuma ya kamata a bar ta ta ƙare.

Akwai kuma netbuk ɗin da babu dabarar da za ta haɗe C da D nata ta wannan hanya. Eee PC 901 ta 2008 mai Windows an sayar da ita a matsayin mai gigabait 12, alhali ma'aji biyu ne dabam a cikinta, ɗaya mai 4 ɗaya mai 8. A Disk Management sanduna biyu ake gani, ɗaya a kan ɗaya, kowacce da nata jadawalin. Gonaki biyu ne a ƙauyuka biyu, kuma duba wannan zane kafin a taɓa komai yana raba mutum da wahalar banza.

Kwamfutocin yau sun koma wani tsarin rabo mai suna GPT, wanda a Windows ke ba da damar sassa 128, yana kuma ajiye kwafin jadawalinsa na biyu a ƙarshen faifai saboda ɓacin rana. Tsohon tsarin ba ya iya ƙirga abin da ya wuce terabait 2 da kaɗan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020, shi ya sa masu raya tsohuwar netbuk kan yanka mata sashe domin wata ƙaramar Linux. A nan ma bait 64 ɗin nan na 1983 kan tare hanya, domin wasu kamfanoni sun cike guraben huɗu tun daga masana'anta, sai an sadaukar da ɗaya, galibi D, an mai da shi babban shinge kafin a sami inda sabuwar manhajar za ta zauna.