Daga Legas zuwa Gaya da Ajingi: Yadda haske ke ɗauko data, da inda yake maƙalewa

Duk mai sana'ar POS a Gaya ko Ajingi ya san wannan tashin hankali: an zare kuɗi daga asusun kwastoma, na'ura ta ce ba su fita ba, sai cacar baki. Kowa "sabis" yake zagi. Amma ƙarfen sabis ɗin da muke gani shi ne zangon ƙarshe na doguwar tafiya da saƙo ke yi cikin zaren gilashi mai kaurin gashin kai, wato fiba.

Yawancin intanet ɗin Najeriya ta ƙarƙashin teku yake shigowa. Wayoyin MainOne da Glo-1 sun fara aiki a 2010, Equiano ta kamfanin Google ta sauka Legas a 2022. Daga can ake turo data zuwa Kano, kusan kilomita 1,000, a siffar haske. Hasken yana raunana a hanya, don haka ake ƙara masa ƙarfi a kusan kowane kilomita 80, kuma kowane ƙari yana ɗan gurɓata shi.

Lodi daidai da hanya

Injiniyoyi na da salo daban-daban na ɗora saƙo a kan haske. A salon QPSK, kowace alamar haske na ɗauke da ƙwayar bayani 2, wato bit. A 16QAM guda 4 ne, a 64QAM guda 6. Sai dai gwargwadon yawan lodin, gwargwadon saurin lalacewarsa. Direban da zai je Wudil daga Gaya yana iya cika mota maƙil, amma mai tafiya Legas dole ya rage kaya idan yana son isa lafiya.

Tsofaffin na'urori gudu ɗaya suka sani, ko hanya gajera ce ko doguwa. Na yanzu ana saita su daga kwamfuta: gigabit 100, 200 ko 400 a daƙiƙa, gwargwadon nisa da lafiyar zaren. A 2012 kuma hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince a riƙa yanka wa kowane saƙo gurbi a cikin hasken da ma'aunin gigahaz 12.5, maimakon 50 da aka saba bai wa kowa. Kamar kasuwa ce da aka daina bai wa mai goro da dillalin hatsi rumfa iri ɗaya.

Wannan ya yi wa garuruwanmu daɗi ta fuska biyu. Tsakanin Kano da Gaya bai kai kilomita 100 ba, nisan da salo mai lodi ke iya ɗauka. Sannan zaren da aka riga aka binne ana iya ninka ƙarfinsa ta hanyar sauya na'urorin da ke bakinsa biyu, ba sai an sake haƙa ba.

Akwai kuma ranar tsautsayi. A 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu sun lalace a tekun Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice. Idan aka karkatar da data ta hanya mai nisa a irin wannan rana, sabuwar na'ura na iya komawa salo mai sauƙi: gudu ya ragu, amma ba a ɗauke gaba ɗaya ba.

To me ya sa POS ke maƙalewa?

A ganina matsalar ba ta haske ba ce. Ƙarafan sabis da yawa a karkara ba fiba ce ke kai musu data ba, ta iska suke karɓa daga wani ƙarfen, kuma abin da iska ke ɗauka bai kama ƙafar na zare ba. Inda zaren ya isa kuma, ga katafilar masu aikin titi, ga ɓarayin da ke zaton tagulla ce a ciki. Ba fasahar da ke gyara zaren da aka datse.

Alƙawura dai akwai su. A 2020 gwamnoni sun amince da naira 145 kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin binne waya. A 2024 Shugaba Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Ministan sadarwa Bosun Tijani na maganar shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na fiba. A Janairu 2025 kuwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data, wannan kam kowa ya ji a aljihunsa.

Abin da ya kamata mutanen mazaɓar Albasu, Gaya da Ajingi su tambayi wakilansu shi ne taswirar aikin: kilomita nawa cikin 90,000 ɗin za su ratse daga Wudil su shigo, kuma ƙarafan sabis nawa za a jona?