Saita rauta ta WAN

Rauta ta WAN na'ura ce da ke haɗa ƙaramar hanyar sadarwa ta gida ko ofis, wato LAN, da babbar hanyar kamfanin intanet, wadda ake kira WAN.

Wajen girka ta, ana jona wayar da ta fito daga modem a kafar da aka rubuta wa WAN, sannan a haɗa kwamfuta da ɗaya daga cikin kafofin LAN. Shafin saiti yana buɗewa a burauza, galibi a adireshin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1.

Kamfanin intanet ne ke faɗin yadda za a saita ɓangaren WAN. A tsarin DHCP rautar na karɓar adireshin IP da kanta. Tsarin PPPoE kuwa sai an sa suna da kalmar sirri, kuma girman ƙunshin bayanai yakan ragu daga bayit 1500 zuwa 1492. Idan ba a daidaita shi ba, wasu shafuka sukan maƙale alhali layin lafiya lau yake. Ofisoshi sukan nemi tsayayyen adireshi, wanda ake shigarwa da hannu.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita. A shekarar 2016, muguwar manhajar Mirai ta yi amfani da irin waɗannan kalmomi ta kame rautoci da kyamarori masu ɗimbin yawa. Da su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari a watan Oktoba, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga mutane da dama.