Ƙusa Ba Ta Riƙe Baranda

Duk wanda ya taɓa kwana a Jimeta cikin watan Maris ko Afrilu ya san dalilin da ya sa mutane ke neman sama. Zafi ya haura digiri 40, ɗaki ya zama tanda, wuta kuma ta ɗauke. A unguwa irin Alkalawa, inda gidaje suke a matse, tsakar gida ba ta ɗaukar kowa. Shi ya sa za ka ga mai bene ya ƙara 'yar baranda ta katako a bakin ƙofar sama, ko mai shago ya yi dandamali jingine da bango, a sha iska da dare, a shanya kaya da rana, wani ma ya ɗora tankin ruwa. Ban ga laifin wannan ba. Abin da na gaji da ji shi ne maganar da ake rufe bakin mutum da ita duk sanda ya tambayi me ya riƙe barandar: "Ai ƙusar kankare aka buga."

Na fara jin maganar a gidan kawuna. Kafinta ya kwantar da katako tu-bai-sikis a jikin filasta, ya bi shi da ƙusoshi inci 4 daga wannan kai zuwa wancan, ya kafa ƙafafu biyu a gaba, ya shimfiɗa falanki. Na ce, "Malam, bangon nan fa bulo ne." Ya dube ni ya yi murmushi, ya juya ga mai gida: "Alhaji, ko giwa ce ta hau nan ba abin da zai same ta." Kawu ya ce in bar mai sana'a ya yi sana'arsa. Na yi shiru. Bayan damina uku, ana shirin bikin 'yarsa, muka lura tsakanin katakon da bango ya buɗe har tafin hannu yana shiga. Da aka tokare aka fara kwancewa, da yatsu biyu na zare ɗaya daga cikin ƙusoshin nan. Ta fito ja wur da tsatsa, yashi yana zubowa daga ramin kamar garin tsaki. A wannan barandar aka shirya 'yan matan amarya za su zauna.

To bari mu bi ƙusar nan mu ga inda ta shiga. Tsawonta inci 4. Katakon ya cinye inci 2. Filasta ta ci kusan rabin inci, ita kuwa filasta kwalliya ce, ba ta ɗaukar komai. Saura inci ɗaya da rabi. Bulon da muke gini da shi, ko inci 6 ne ko inci 9, cikinsa rami ne, fatarsa ba ta wuce inci ɗaya da ɗan abu ba. Ke nan tsinin ƙusar a iska yake tsaye. Duk abin da ya riƙe barandar shi ne wannan 'yar fata ta yashi da siminti, wadda guduma ta riga ta farfasa a lokacin bugawa. Kuma kowa ya san yadda wasu masu buga bulo ke miƙar da buhun siminti ɗaya har ya ba da abin da ya fi ƙarfinsa, bulon da in ka goga farce a jikinsa sai ya zube.

Sunan ne yake ruɗin mutane. An ce mata ƙusar kankare don ƙarfenta yana da tauri, tana shiga ba ta lanƙwasa ba. Shiga daban, riƙo daban. Jikin ƙusa ba shi da zaren da zai ciji bango. Tana iya jure nauyin da ke danna ta ta gefe na ɗan lokaci, amma abin da ke jan ta waje ba ta da maganinsa. Baranda kuwa kullum jan ta take yi. Yaro ya yi tsalle, ta motsa. Mutane sun jingina da shingen gaba, ta ja. Iskar farkon damina, wadda kowace shekara take ɗaye rufin gidaje a Yola da Jimeta, ta shiga ta ƙasa ta ɗaga ta, ta sake ta. Katakon da aka saya ɗanye ya kumbura da damina, hunturu ya zo ya tsotse shi, ramin ƙusa ya ƙara faɗi. Kowace shekara ƙusar tana fitowa da kaurin gashi, ba mai gani.

Sannan a tuna, in baranda tana da ƙafafu a gaba kawai, kusan rabin nauyinta a kan wancan katako na jikin bango yake. Mata 15 masu kilo 60 kowacce sun kai kilo 900. Tanki mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne cif, ban da nauyin tankin. Dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce a lissafa baranda za ta ɗauki kusan kilo 195 a kowane murabba'in mita, ta kuma hana a dogara da ƙusar da za a iya zarewa wajen haɗa ta da gida. Ba daga sama suka tsinci dokar ba. Ranar 29 ga Yunin 2003 wata barandar katako ta rufta da masu biki a birnin Shikago, mutum 13 suka mutu, fiye da 50 suka ji rauni, daga baya aka gano an yi ta ba da izinin hukuma ba.

Akwai masu cewa, "Tawa shekara biyar ke nan, ko gezau." Wannan ce hujjar da ta fi ba ni haushi, domin shekarun da mutum ke alfahari da su, su ne shekarun da ruwa ya yi yana cin katakon. A garin Berkeley na jihar Kalifoniya, ranar 16 ga Yunin 2015, baranda ta karye da matasa 13 suna bikin zagayowar ranar haihuwa, shida suka mutu a ranar, yawancinsu ɗalibai daga ƙasar Ailan. Ginin bai cika shekara goma ba. Ruwa ne ya sami hanya ya shiga katakan da ke ɗauke da ita, suka ruɓe daga ciki, waje kuwa fes. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu nan ma ga gara, wadda za ta cinye cikin katako ta bar maka fenti a tsaye. Kada kuma wani ya ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Malamai sun sha gaya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Wanda ya rage kuɗin noti ya gayyato jama'a suka hau, haƙƙin rayukansu yana wuyansa.

Abin takaici, magina na da sun fi mu sanin wannan. Dubi tsohon soro. Azarar giginya a kan bango take kwance, bangon na ɗauke da ita daga ƙasa, in ɗakin ya yi faɗi su tayar da bakan gizo ya tallafa. Ba su taɓa rataye rufi a fuskar bango ba. Ɗora nauyi suke yi. Mu da muka sami siminti da guduma sai muka koma ratayewa.

Saboda haka hanya mafi aminci, musamman a bangon bulo, balle na ƙasa, ita ce barandar ta tsaya da ƙafafunta. A kafa ƙafafu a gaba, a kafa wasu a gindin bango, ta yadda ko an cire gidan za ta tsaya. Kowace ƙafa a haƙa mata rami a zuba kankare, a ɗaga kankaren sama da ƙasa, a sa mata takalmin ƙarfe, kada gindin katako ya taɓa ƙasa ko ya zauna cikin ruwa. Mutanen bakin Binuwai da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. Katakon da zai ɗauki sauran ya hau kan ƙafar ya zauna, kada a manna shi a gefenta da ƙusa. A gicciya katakai tsakanin ƙafafun don hana rangaji. In tsayin ya kai hawa guda, ƙafafun ƙarfe ko filar kankare sun fi kwanciyar hankali.

In kuwa dole sai an haɗa da gidan, a nemi inda kankare na gaske yake, mai rodi a ciki: bim, ko gefen dakin na bene. A huda da injin huda, ba da guduma ba. A zura noti mai kaurin rabin inci, irin wanda aka yi wa rufin hana tsatsa, in da hali ya ratsa har ɗaya gefen a tare shi da farantin ƙarfe. A jera su ɗaya sama ɗaya ƙasa, don kada katakon jikin bango ya tsage a layi guda. Yawansu da tazararsu ya danganta da faɗin barandar, kuma wannan lissafin injiniya ne mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, ba na ido ba ne. Kuɗin zuwansa sau ɗaya bai kai kuɗin ɗorin ƙafa ba. A saman katakon a yanka tsagi a bango, a cusa kwano a lanƙwasa shi ya rufe katakon, ruwan da ke bin bango ya zuba waje. Falanki a bar 'yar tazara tsakaninsu, a ɗan karkatar da barandar ruwa ya gudu daga gida. Katako a sayi busasshe mai tauri, irin maɗaci, a shafe shi da maganin gara kafin a haɗa, har da wuraren da zarto ya yanka. In an yi mata rufi, a ɗaure da langa-langa saboda iska.

Shingen gefe kada ya gaza mita ɗaya, kuma kada tsakanin sandunansa ya kai inci 4, domin kan yaro na iya shiga. Tankin ruwa kuwa a yi masa nasa wurin daban. Izinin hukumar tsara birane ma a nema.

Kai da kake da irin wannan baranda a yau, ɗauki sukundireba ka shiga ƙarƙashinta. Soka shi a katakon da ke jikin bango da gindin ƙafafu. In ya nutse, ko ka ga tsatsa ta zubo, ko hanyar gara, ko haske tsakanin katako da bango, ko kuma ka duba ba ka ga kan noti ko ɗaya ba sai kan ƙusa, to ka sauko da yaran, ka rufe ƙofar da ke fita can, ka tokare ta kafin hadarin farko ya haɗo.