Ina dokin Kano ke zuwa idan ya tsufa ya fara ɗingishi?

Doki mai samun kulawa yana iya rayuwa shekara 25 zuwa 30. Amma shekarun da yake yi yana ɗaukar sirdi a hawan Sallah, ko yana gudu a filin folo da na sukuwa, ba su kai haka ba. Tsakanin ranar da ƙafarsa ta fara gazawa da ranar mutuwarsa ana iya samun shekara biyar, wani lokacin har goma, kuma a duk tsawon wannan lokaci sai ya ci ya sha kullum, ko an hau shi ko ba a hau ba.

Wannan ita ce matsalar da ke gaban duk mai tsohon doki a Kano, kuma ta fi tsanani a unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa, wato Fagge da Sabon Gari, inda ɗan filin da za a kafa turke ma ya zama kuɗi.

Fagge ta taso ne a matsayin zangon Buzaye da fataken sahara, inda ake sauke kaya a bar dabbobi su huta a wajen ganuwa. Isowar layin dogo Kano a 1911 ta sauya komai: kayan da raƙuma da jakuna ke ɗauka suka koma tarago, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ya kawo. Yau ƙaramar hukumar Fagge ce ke ɗauke da Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari. Filayen da dabbobi suka taɓa kwana a kai sun zama shaguna da rumbunan ajiye kaya.

Duk da haka doki bai bar yankin ba. A al'ada, tawagar Sarki kan ratsa Sabon Gari da Fagge ranar Hawan Nassarawa. Filin folo na Usman Dantata ba shi da nisa da tashar. Ga kuma matasa masu kilisa da masu bayar da hayar dawaki don hawan angwanci, waɗanda ke ɗaure dabbobinsu a lunguna da kangaye da bayan gidaje.

Shekarun da ba a hau ba

A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sai dai labarin ya zo ne a lokacin da hawan kansa ke tangal-tangal. Annobar korona ta hana shi a 2020. Bayan rikicin masarauta ya ɓarke, 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar 2024, suka sake hanawa a 2025.

Ga mai sarauta ko attajiri, wannan rashin hawa takaici ne kawai. Ga mai dawaki uku ko huɗu da ke jiran Sallah ya bayar da haya ya sayi harawar shekara, asara ce ta kai tsaye. Sannan tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko harawa da dusa daga ƙauye ya ƙaru. Idan mai barga ya zauna lissafin wanda zai rage, ba sai an faɗa ba: tsohon nan mai ɗingishi ne farkon fita.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Doki na buƙatar abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa a rana. Dokin da ya kai kilo 350 zai ci kusan kilo 7, akasarinsa ciyawa ko harawa, ya kuma sha ruwa lita 25 zuwa 40 a lokacin zafi. A unguwar da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, shan ruwan kaɗai wani kashe kuɗi ne. Kuma tsoho ya fi matashi tsada, domin haƙoransa sun cinye, sai an jiƙa masa dusa, sai an nemo masa harawa mai laushi.

Hanyar da ta fi sauƙi

Nijeriya ba ta da wani sanannen gidan hutun tsofaffin dawaki irin na ƙasashen Turai. Abin da ake da shi shi ne kasuwa. Dawaki da yawa suna shigowa ne daga Jamhuriyar Nijar ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari a Jihar Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis, kuma ta hannun dillalan dabbobi suke fita idan sun gama aiki.

Mai hawa ba ya sayen gurgun doki. Wanda ke saye shi ne mai duba nauyin nama. Akwai hanya sananniya ta safarar dawaki da jakuna daga Arewa zuwa kudu maso gabas, musamman Obollo-Afor a Jihar Enugu, inda ake cin naman doki, ake kuma amfani da shi a wasu bukukuwan binne manya da na sarauta. A Kano kuwa ba a saba cin naman doki ba, kuma mazhabar Malikiyya da aka fi bi ba ta sakar wa mutane hannu a kansa ba.

Ko an ajiye maganar yankan gefe, tafiyar kanta azaba ce. Ɗaruruwan kilomita ne a bayan babbar mota, a tsaye, cikin cunkoso. Doki na tsayuwa a mota ne ta hanyar sauya nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami. Wanda ke da ƙafa uku masu lafiya ba zai jure ba, kuma idan ya faɗi sauran za su tattake shi.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan muni, ko da yake ba a cika maganarta ba: a ɗirka wa dokin maganin kashe zafi kafin a kai shi kasuwa, ya taka daidai na kwana ɗaya ko biyu, a sayar wa yaron da ke ɗokin kilisa. Sai an je gida ɗingishin ya dawo. Daga nan dokin zai yi ta sauya hannu, kowane mai shi ya fi na baya talauci da rashin sani, ana sukuwa da shi a kan kwalta har ƙafar ta ƙarasa lalacewa. Maganin da aka fi amfani da shi, phenylbutazone, yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda idan aka yawaita, kuma ba a yarda a ba dabbar da mutane za su ci namanta ba.

Ba kowane ɗingishi ne ƙarshen doki ba

Kafin a yi maganar sabon gida, akwai tambayar da sau da yawa ba a tsayawa a amsa: me ya sa yake ɗingishin?

Likitocin dabbobi sukan fara ne daga ƙofato, domin can ne akasarin matsalar take, musamman a ƙafafun gaba da ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Ƙusa ko tsakuwa kan shiga ta tara mugunya a ciki, dokin ya ƙi taka ƙasa sam kamar ya karye, amma da an buɗe wurin an wanke, cikin 'yan kwanaki ya miƙe. Tsayuwa a cikin fitsari da kashi, abin da ya zama ruwan dare a ƙananan bargogin cikin gari, na ruɓar da ƙasan ƙofato. Barin ƙofato ya yi tsawo, maimakon a yanke shi duk bayan mako shida zuwa takwas, na karkatar da ƙafa ya ja jijiya. Duk waɗannan suna warkewa.

Akwai kuma wanda gata ke jawowa. Dokin da ake ɗura wa gero da dawa don ya yi ƙiba kafin Sallah, alhali yana ɗaure a turke ba ya motsi, na iya kamuwa da kumburin cikin ƙofato. Alamarsa ita ce ya miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya, ƙofaton ya ɗauki zafi. Idan aka makara, ƙashin ciki na iya juyawa, kuma ba ya komawa yadda yake.

Na tsufa shi ne amosanin gaɓɓai. Ba ya warkewa, amma ana rayuwa da shi. Irin wannan dokin yana buƙatar ƙasa mai taushi da wurin da zai riƙa takawa a hankali duk yini. Daɓen siminti da gajeriyar igiya ne manyan maƙiyansa, kuma su ne abin da Fagge da Sabon Gari ke iya ba shi.

Asibitocin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila na nan a cikin gari, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ga mai iya kai wa can. Kuɗin duba doki sau ɗaya bai kai asarar da ake yi ba idan aka karyar da shi a kasuwa saboda ƙurjin da mako guda zai warkar.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Abin da ke faruwa a kan hanyar Kano zuwa kudu ya taɓa faruwa a Ingila. Wata mata mai suna Ada Cole ta ga yadda ake sauke gajiyayyun dawakin aiki daga jirgin ruwa a Beljiyam don a yanka, ta kafa ƙungiya a 1927 domin yaƙi da hakan. Ita ce yau ake kira World Horse Welfare. A Masar kuma, Dorothy Brooke ta isa Alƙahira a 1930 ta tarar da tsofaffin dawakin sojan Birtaniya na Yaƙin Duniya na Farko suna jan kaya a wahale. Ta tara kuɗi ta sayi kimanin 5,000 daga cikinsu, ta buɗe asibiti a 1934. Ƙungiyar Brooke na da ofishin Afirka ta Yamma a Dakar.

Abin lura a tsarin World Horse Welfare shi ne ba ta sayar da dokin da ta ceto. Aro take bayarwa. Dokin na nan a matsayin mallakarta har ya mutu, jami'anta na kai ziyara, kuma idan wanda ya karɓa ya gaza, sai ya mayar. Da yawa ana bayar da su ne da sharaɗin ba za a hau su ba, su zama abokan zaman wani dokin kawai.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Bayar da kiwo ke nan: mutumin birni ya kai akuya ko saniya ƙauye, dabbar tasa ce, mai kiwo na cin moriya. Bambancin shi ne akuya na haihuwa a raba 'ya'ya. To gurgun doki me zai ba manomi?

Abu na farko taki ne. Doki na fitar da kashi fiye da kilo 10 a rana, kuma ƙauyukan da ke kewaye da Kano sun daɗe da sanin darajarsa, tun zamanin da jakuna ke kwasar taki daga birni zuwa gonaki. Da tsadar takin zamani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na biyu, ingarma mai kyakkyawan asali wanda rauni ne ya nakasa shi, ba ciwon gado ba, na iya yin baye a inda ake kiwon goɗiyoyi. Goɗiya mai ɗan ɗingishi ma na iya haihuwa idan likita ya ga ƙafafunta za su ɗauki nauyin ciki. Na uku, a ƙauye karan dawa da harawar gyaɗa da ta wake a gona suke, ba a kasuwa ba. Abin da mai doki ke kashewa a mako guda a Fagge zai yi nisa sosai idan shi ya tura wa mai kiwo.

Inda amanar ke karyewa

Haɗarin a bayyane yake. Dokin da aka bayar kyauta yau na iya kwana a motar dillali gobe, kuma mai shi ba zai sani ba sai ya je ziyara a ce masa ya mutu. Shi ya sa kyauta ta fi sayarwa haɗari ga irin wannan dabba.

Abin da ke rage haɗarin shi ne a yi magana a fili gaban shaidu, zai fi kyau gaban mai unguwa ko dagaci, a kuma rubuta: dokin na wane ne, ba a sayar da shi, ba a hawansa ko kuma yara kaɗai za su hau a taka a hankali, wa ke biyan magani, nawa za a riƙa turawa a wata, kuma idan an gaji a kira mai shi ya zo ya ɗauka. Wayar hannu ta sauƙaƙa sauran. Bidiyon daƙiƙa 30 na dokin yana tafiya, sau ɗaya a wata ta WhatsApp, ya isa a ga ko haƙarƙarinsa sun fito.

Shi ma mai bayarwa akwai nasa nauyin. Ya faɗi shekarun dokin na gaskiya, wanda mai karɓa zai iya dubawa a haƙora. Ya faɗi irin maganin da ake ba shi, da ko yana cizo ko harbi. Ingarman da ya saba zama shi kaɗai a turke ba a sakinsa cikin wasu dawaki rana ɗaya.

Akwai kuma dokin da babu gidan da zai yi masa amfani: wanda ya karye a ƙashin ƙafa, ko wanda ke kwana a kwance ya kasa tashi, ko wanda magani ya daina yi masa aiki. Kai irin wannan ƙauye ɗage wahala ne kawai daga idon mai shi. Wannan shawara ce ta likitan dabbobi, kuma masu dawaki da dama kan haɗa da tambayar malami kafin su yanke hukunci. Sakinsa ya yi ta yawo a bola yana cin leda ba mafita ba ce, kuma dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta haramta zaluntar dabba.

Ga wanda za a iya kai wa, lokaci na da muhimmanci. Damina na zuwa da ƙudaje da sauro da ƙananan ƙwarin da ke yaɗa annobar dawaki, ga laka da ke jiƙa ƙofato. Bazara kuma abinci ya ƙare a ko'ina. Kaka ce ta fi dacewa, bayan an cire gyaɗa da wake, harawa ta wadata. A yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki da maganin tsutsar ciki, a yanke ƙofato mako guda kafin tafiya, a ɗauke shi da sassafe a motar da aka shimfiɗa wa yashi ko buntun shinkafa. A kuma haɗa shi da buhun dusar da ya saba ci, a riƙa gauraya ta da sabon abincin har kwana goma, domin sauya wa tsohon doki abinci farat ɗaya na jawo ciwon cikin da ke iya kashe shi a dare guda.