Ku Duba Waifa Tun Kafin Ruwa Ya Sauka

Bara a watan Yuli muka tashi daga Kamba da yamma, za mu kai wa manoman Bagudo taki. Hadari ya tare mu a hanya. Direba ya kunna waifa, sai ta dama laka a gilashi kawai. Saura ƙiris mu hau kan amalanken shanu.

Tun da rani robar ta mutu. Zafin Maris da Afrilu yakan busar da ita har ta tsage, ƙurar hunturu kuma ta cinye bakinta. Kada ku kunna waifa a busasshen gilashi, gama yashi zai karce shi.

Yanzu akwai maganin da ake shafa wa gilashi, irin su Rain-X, mai sa ruwa ya dunƙule ya gangare. Yana da amfani, amma iska ce ke kore ruwan in mota tana gudu. A hanyar Lolo ko Tsamiya, wajen iyakar Binin, wa ke gudu da damina? Dole sai da waifa. Roba mai araha takan yi tsalle da ƙara a gilashin da aka shafa wa maganin. Ta silikon ta fi jure rana, ta fi tafiya sumul, ko da yake ta fi tsada.

Ku je kasuwa da tsohuwar don gwada tsawo. Ku lanƙwasa robar sabuwar. In ta yi tauri, ta sha rana a rumfa, ku bar ta. Kada kuma ku zuba garin sabulu a tankin wanke gilashi, yana rage ƙarfin maganin.