Gwiwa na gugar sitiyari: gyaran kujerar tsohuwar Fijo

Shirin yau saƙon wani matashi ne daga Birchi ya jawo shi. Ya ce ya gaji Peugeot 504 ta mahaifinsa, inji lafiya lau, har sabon fenti ya yi mata. Matsalar ita ce shi dogo ne. Daga Birchi zuwa Dutsin-Ma kawai, sai ya sauko yana dafe da ƙugu, kuma duk sanda zai taka kuloc gwiwarsa sai ta gogi sitiyari. Wani mai walda ya ba shi shawarar a yanke ƙafafun kujerar, a ja ta baya, a liƙe ta da ƙasan motar. Wai ya yarda?

Ɗan'uwa, dakata tukuna.

Ba kai ne farau ba. A 1967 akwai wani direban tsere ɗan Amurka, Dan Gurney, wanda saboda tsawonsa sai da aka yi wa rufin motarsa Ford GT40 ɗan tozo don kansa ya samu wuri, kuma da ita suka ci tseren Le Mans na Faransa a shekarar. Tsofaffin motocin tsere haka suke, matsattsu. Ita ma 504 tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu da ta fito a 1969, wadda ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Amma wadda muka sani, irin wadda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, mota ce mai yalwa. Idan ta matse ka yau, yawanci shekaru ne da hannun masu gyara suka cinye wurin.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Leƙa ƙarƙashin kujerar, ka ga ƙarafuna biyu da take zamewa a kansu. Shekara talatin na ƙurar hunturu, tsatsa, ƙwallon dabino, har tsohuwar sulalla, duk suna taruwa a nan, sai kujerar ta daina kaiwa ƙarshe. A kwance ta, a wanke ƙarafunan da kananzir, a shafa giris. Sau da yawa sai ka ga ta ƙara ja baya da taki ɗaya ko biyu da ba ka san da su ba.

Sai soso, kuma a nan maganar take. Soson mazauni idan ya mutu, ƙugunka ya kan nutse, bayanka ya lanƙwashe, shi ne ciwon da kake ji. Me mutane ke yi? Su saka matashin kai a baya. To ai ka tura kanka gaba ke nan, ka kai gwiwar ga sitiyari da kanka. Masu ɗinkin kujera ma suna da nasu laifin. Ka kai musu aiki, don su burge ka sai su cika majingina da soso mai laushi, ta kumbura kamar kujerar falon amarya. A ido gwanin kyau, amma kowace santimita ta wannan kumburi daga wurin ƙafarka aka cire ta. Abin da za ka nema shi ne soso mai tauri amma siriri a majingina, da ɗan tudu daidai ƙasan baya. A mazauni kuma a duba sifirin ko igiyoyin da ke riƙe da soson, in sun saki a canza su kafin a ɗora sabo. Dogayen masu Mazda MX-5 a Turai da Amurka dabararsu ke nan, rage soso suke yi.

Ga yadda za ka gane zaman ya yi. Taka kuloc har ƙasa, ya zamana gwiwarka da saura ɗan lanƙwasa. Jingina kafaɗunka, ka miƙa hannu, wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da ka ɗago ba. Wannan yayin na samari na kwantar da majingina kamar mai shan iska a gindin darbejiya, wallahi ba ya ƙara wurin ƙafa, kuma in aka yi karo mutum na iya sulalewa ta ƙarƙashin bel.

Yanzu maganar mai walda. Kujera ba wurin zama kaɗai ba ce, ita ke riƙe ka in an yi karo ko an taka birki na gaggawa, lokacin da nauyin jikinka ke ninkuwa sau da yawa. Ƙasan tsohuwar mota siririn ƙarfe ne, sau da yawa ruwan damina ya riga ya ci shi. Ɗigon walda a kan tsatsa zai riƙe ka a zaman yau da kullum, ranar da ake buƙatarsa ne zai ɓalle. In dole sai an ƙara ja baya, a yanko faffaɗan ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi a ramukan asali da noti mai lamba 8.8 a kansa, sannan a ɗora kujerar a kai. In an huda sabon rami, a saka faranti ta ƙasan motar. Bayan an gama a gwada bel, ya bi ta tsakiyar kafaɗa da ƙashin ƙugu, kada ya hau wuya ko ciki.

Wasu za su ce a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo kujerar sabuwar mota. Ana yi, amma tafi da abin awo. Yawancinsu sun fi kauri da tsawo, sai ka dawo ka ga hularka na taɓa rufi. Ƙaramin sitiyari kuwa yana ba gwiwa wuri, sai dai in motarka ba mai sitiyarin mai ba ce, juyawa a lungu zai zama aikin ƙarfi.

Kuma kafin ka ɗaure notin ƙarshe, sa wani ya zauna a bayanka. Wurin da ka samu, daga gwiwar Hajiya aka ɗebo shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.