Baƙin Mai da Lokacin Juye



Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da man inji? Suna ne ya haɗa su. Da mota ta shigo ƙasar Hausa ta zo da mai iri-iri, Bahaushe kuwa ya bi kowanne ya raɗa masa suna: ga fetur, ga gas, ga giris, sa'an nan wanda ake zubawa cikin inji domin ya hana ƙarfe cin ƙarfe ya kira shi baƙin mai. Amma duk wanda ya taɓa buɗe sabon galan ya san ba baƙi ba ne, launinsa na zuma ne. Watau ba daga abin da ake zubawa aka ciro sunan ba, daga abin da ake juyewa ne. Wannan suna kuma ya haifi hukuncin da ake yankewa kullum a gareji: bakanike ya zaro sandar geji, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ce, "Alhaji, ya yi baƙi, sai juye." Nufina a yau shi ne in nuna cewa baƙi ba shaida ba ce, kuma akwai hanyar da ake tambayar man da kansa ko ya gaji.

Mu fara da aikinsa. Tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai akwai shimfiɗar mai wadda kaurinta bai wuce maikiron kaɗan ba, alhali silin gashin kan mutum yakan kai maikiron 70. A kan wannan 'yar shimfiɗa nauyin bugun fistan yake sauka sau dubbai a minti guda. Ban da wannan, man yana kwashe zafi daga wuraren da ruwan lagireto ba ya kaiwa, yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin ringi da bangon silinda, yana kuma wanke datti ya riƙe shi a jikinsa har ranar juye. Don haka ne masu haɗa shi suke zuba masa magunguna: masu wanki da aka yi da kalsiyam ko magniziyam, da mai kare ƙarfe daga gogayya wanda ya ƙunshi zinki da fosfaras. To, man da ya kwashe kunkunniya ya riƙe ta dole ya yi baƙi. A injin gas sabon mai yakan rine cikin 'yan sa'o'i, kuma wannan alama ce ta yana aikinsa. Ta ɗaya ɓangaren, man da fetur ya tsinka ko ruwa ya fara shiga yana iya zama da kyan gani alhali ya daina kare komai.

Da yake ido ba ya isa, masu ƙera injuna suka koma ga lissafi. A Amurka an daɗe ana bin ƙa'idar mil 3,000, wadda ita ce ta zo mana a matsayin kilomita 5,000. Motocin baya-bayan nan da yawa littafinsu yana cewa kilomita 10,000 ko 15,000, janareton gas kuma galibi sa'a 250. Wannan lissafi ba laifi ba ne, amma kintace ne da aka yi wa matsakaicin direba a matsakaiciyar hanya. Motar da ta tashi daga Kano ta miƙe zuwa Maiduguri da wadda ta wuni cikin cunkoson Kasuwar Kwari ba gajiya ɗaya man su yake yi ba, ko da agogon tafiya ya nuna lamba ɗaya, domin agogon ba ya ƙirga lokacin da inji yake kunne mota tana tsaye. Saboda haka mai bin kalanda kawai yana tsakanin hasara biyu: ko ya zubar da mai mai sauran ƙarfi, ko ya bar wanda ya mutu a ciki har inji ya buga. Ta biyun ta fi ta farko ciwo nesa ba kusa ba.

Masu jiragen ƙasa ne suka fara neman mafita. A shekarun 1940, lokacin da kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka suke barin injin kwal suna komawa na gas, ɗakin binciken kamfanin Denver and Rio Grande Western ya fara auna ƙurar ƙarfen da ke cikin tsohon mai domin gane ciwon inji kafin ya kwanta. Dalilinsu a fili yake: kan jirgi guda yana shan ɗaruruwan litocin mai, kuma in ya mutu a tsakiyar layin dogo ya tare wa kowa hanya. A shekarun 1950 sojan ruwan Amurka suka ɗauki dabarar domin injunan jiragen samansu. Daga baya kamfanin Caterpillar ya shirya wa masu sayen manyan injunansa tsarin aika mai ɗakin gwaji a kai a kai, har abin ya zama al'ada a wuraren haƙar ma'adinai da kamfanonin sufuri.

Me ake dubawa a ɗakin gwajin? Abu na farko kauri. Ana ɗumama man zuwa digiri 100, a bar shi ya gangara ta wani siririn bututun gilashi, a ƙirga lokacin da ya ɗauka. Lambobin nan da kuke gani a jikin galan, kamar 15W-40 ko 20W-50, alkawari ne game da wannan kauri. Man da lambarsa ta ƙarshe 40 ce ana sa ran a digiri 100 ya faɗa tsakanin santistok 12.5 da 16.3. In aka same shi ƙasa da haka, galibi fetur ko gas ne ya sulale ta gefen ringi ya tsinka shi, watakila saboda nozul da ke ɗiga. In aka same shi sama da haka, to kunkunniya ta yi yawa ko zafi ya dafa shi. Akwai tarko a nan, domin gas yana iya tsinka shi kunkunniya kuma ta kaurara shi a lokaci guda, ma'auni ya nuna daidai alhali cuta biyu ce ta ɓoye juna. Shi ya sa ake auna kowaccensu daban.

Abu na biyu shi ne wanda zan kira sauran kanwa. Uwargida ta san kanwa ke kashe tsami, har ma ya zama karin magana. A cikin gas akwai farar wuta. In ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa sai ta zama asid, dangin ruwan batir, mai cin metal da bangon silinda. Masu haɗa mai suna zuba masa wani tanadi mai halin kanwa domin ya riƙa kashe wannan tsami, kuma tanadin yana raguwa kullum. Sabon man injin gas yakan fara da lamba wajen 8 zuwa 12 a wannan ma'auni, kuma ƙa'idar da ɗakunan gwaji da yawa suke bi ita ce in ya sauko zuwa rabin inda ya fara, lokacin juye ya zo. Wannan ya shafe mu fiye da Turawa. Tun 2009 dokar Tarayyar Turai ba ta yarda farar wuta a gas ɗin mota ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahotonta kan man da ake kawowa Afirka ta Yamma, iyakar da Nijeriya ta yarda da ita kashi 3,000 ce cikin miliyan. A 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50. Amma direban da ya sayi gas a jarka a bakin hanya bai san abin da ya zuba ba, kuma tazarar juye da aka rubuta wa injin da ke shan gas ɗin Jamus ba lalle ta dace da shi ba. Gwaji ne kaɗai yake faɗin yadda kanwar take ƙarewa.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran daraja, shi ne ƙirga ƙarafa. Kowa ya san in gishiri ya faɗa wuta harshenta yakan koma rawaya, jan ƙarfe kuma ya mai da shi kore. Kowane ma'adini yana da hasken da ya keɓanta da shi. Na'urar ɗakin gwaji tana fesa ɗan man cikin wuta mai zafin da ya wuce digiri 6,000, ta tsefe hasken da ya fito, ta faɗi nawa ne na kowane ƙarfe, kashi-kashi cikin miliyan. Da yake ba da ƙarfe ɗaya aka ƙera inji ba, kowane suna yana nuna wurinsa. Baƙin ƙarfe daga bangon silinda ko karanshaf yake fitowa, kuromiyam daga ringi, alminiyam daga fistan, darma da kuza da jan ƙarfe kuwa daga metal. A da darma tana rikita lissafi a injin fetur, domin ana zuba ta cikin fetur ɗin kansa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina wannan a farkon 2006.

Silikon kuwa baƙo ne, daga waje yake shigowa, kuma a nan ne ƙasarmu take da nata labari. Hazon hunturu da yake rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, mai yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, inda tsohon babban tafki ya ƙafe. Ƙurar nan tana ɗauke da ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi yawancin ƙarfen inji tauri. In robar da ke tsakanin filtar iska da inji ta tsage, ko yaron gareji ya bubbuga filtar ya hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta fashe, ƙura tana shiga kai tsaye. Takardar gwaji za ta nuna silikon ya tashi tare da alminiyam, baƙin ƙarfe da kuromiyam suna biye. Mai karatu da basira zai gane cewa juye ba zai warkar da wannan ba. Sabon man ma haka za a ɓata shi in ba a toshe kafar ba. Sai dai silikon shi kaɗai, ba tare da ƙarafa sun motsa ba, yana iya zama daga gam ɗin da bakanike ya shafa wa gaskit.

Haka nan ruwa. Inda ake zuba wa lagireto ruwan sanyaya inji na kanti, sodiyam da fotasiyam a cikin mai suna tona asirin gaskit ɗin da ya fara ƙonewa tun kafin mai ya koma kamar madara. Mu da galibi ruwan rijiya ko na famfo muke zubawa, wannan shaida takan yi rauni, sai a dogara ga auna ruwan kansa.

Na'urar tana da makanta guda da ya kamata a sani. Ƙwayoyin da suka wuce maikiron 5 zuwa 10 ba ta ganinsu da kyau, ga shi kuwa inji in ya kusa bugawa manyan ɓarɓashi yake zubarwa. Saboda haka akan haɗa da wata dabara da aka ƙago a farkon shekarun 1970, inda maganaɗisu yake jera ɓarɓashin a kan gilashi a duba su da madubin ƙara girma. Bakanike mai hankali yana yin ɗan'uwan wannan in ya yanka tsohuwar filtar mai ya duba cikin ninkinta.

Duk wannan ilmi yana rataye ne a kan kwalba guda, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ana ɗibar man ne inji yana da zafi, jim kaɗan bayan an kashe shi, a kwalba mai tsabta, kimanin mililita 100. In daga ƙasa za a ɗiba, a bar na farko ya zuba, domin laka ce, a tari na tsakiya. A jikin kwalbar a rubuta wane inji ne, wane irin mai, sa'a ko kilomita nawa man ya yi, da lita nawa aka ƙara tun juyen baya. Mu ƙaddara takarda ta dawo da baƙin ƙarfe kashi 40. In man ya yi sa'a 250, watakila ba komai. In sa'a 80 ya yi, inji yana cin kansa ninki uku. In kuma an yi ta ciko saboda yoyo, sabon man ya tsarma lambar, ta fito ƙasa da gaskiya. Takarda guda ba ta cika faɗin abu mai yawa ba. Sai an jera uku ko huɗu na inji ɗaya ake ganin inda lambobi suka dosa. A nan ne maganar ta iso kan ma'aikatan gwamnati. Motar ofis da agogonta ya mutu shekara biyu, ko janareton da ba shi da littafin sa'o'i, ko ɗakin gwajin duniya aka kai mansu ba za a iya fassara sakamakon ba. Kuma a kasuwar da jabun mai yake yawo, yana da kyau a aika da sabon man ma, a san daga inda aka tashi.

Wanda ba shi da ɗakin gwaji a kusa ba a bar shi hannu rabbana ba. In aka ɗiga ɗigo guda a kan farar takarda mai shan ruwa aka bar ta ta kwana, man da ke da sauran ƙarfin wanki yakan baza baƙinsa a hankali zuwa gefe, wanda ya gaji kuwa yakan bar dunƙulen baƙi a tsakiya. In aka ɗiga shi a kan ƙarfe mai zafi ya yi tartsatsi, akwai ruwa. Waɗannan ba sa ba da lamba, amma sun fi murza yatsa.

Saura tambayar kuɗi. Mai ƙaramar mota da take shan lita huɗu, kuɗin gwaji yana iya kusantar kuɗin man, don haka bin littafin motarsa, a sashen da aka rubuta domin ƙura da zafi da cunkoso, ya ishe shi, sai fa in zai sayi tsohuwar mota ko yana zargin wani ciwo. Motar da ke ƙarƙashin garanti ma kada a wuce tazarar da kamfani ya sa. Amma tirelar da take shan lita 30 zuwa 40, da katafilar ma'aikatar ayyuka, da injin da ke tura ruwan sha zuwa gari, da janareton da ɗakin tiyata ya dogara da shi, lissafinsu daban ne. A irin waɗannan ana farawa da tazarar da littafi ya faɗa, a gwada a kowane juye. In sau uku a jere kauri yana cikin iyaka, kanwa tana da saura, ƙarafa ba su tashi ba, sai a ƙara tazarar kaɗan, alal misali daga sa'a 250 zuwa 300, a sake gwadawa kafin a ƙara wani abu. In hunturu ya kama a ɗibi wata kwalba a tsakiyar tazarar, a duba silikon.